Bahon Maigida

A asibitin da ta tsufa tana share-share da goge-goge, tun daga likitoci har masu gadi Uwar Tsafta suke kiranta, sunan kuma ya biyo ta gida bayan ta yi ritaya. Ba sharri aka yi mata ba. Mace ce da in ka ajiye kofin shayi ka juya don amsa sallama, kafin ka waiwayo ta wanke shi ta kife. Bilic ya ci hannuwanta har tsakanin yatsun ya yi fari-fari, kuma wannan warin mai hawa kai da kowa ke toshe wa hanci, ita a wurinta shi ne ƙamshin gida. To irin wannan matar ce Allah ya jarraba da zomo.

Zomon ba nata ba ne, na ƙanwarta ne wadda kowa ke kira Auta. Tun da mazajensu suka rasu suke zaune tare a hawa na huɗu na wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda mai kallon bayan garejin kanikawa. Ita Auta tsakaninta da gyaran ɗaki sai gaisuwa daga nesa. Ɗankwali a hannun kujera, takalmi ƙafa ɗaya a falo ɗaya a ƙarƙashin gado, zare da ƙyallaye ko'ina a gindin keken ɗinkinta. Kullum sai sun yi faɗa a kan wannan, faɗan da bai taɓa hana su cin abinci a kwano ɗaya ba. Ranar da Auta ta hauro da zomon a kwali tana haki, wani toka-toka mai kunne ɗaya a kwance, cewa ta yi tunda gidan babu namiji, ga Maigida ta samo musu.

"An ma riga an yi masa fiɗiya, Yaya. Irin maigidan da ba ya yawo ne."

Uwar Tsafta ta ce ta ji, amma in dai tana numfashi ƙafarsa ba za ta taka mata falo ba. Haka kuwa aka yi, aka kafa masa keji a baranda, Auta ke fita wurinsa.

Ciwon da ya ɗauke Auta bai daɗe ba. Da masu gaisuwa suka watse, gidan ya yi shirun da har ƙarar firji ake ji daga ɗaki. Uwar Tsafta ta ci gaba da ba zomon abinci don amana ce. Da farko tura masa ganyen kabeji take yi ta juya abinta. Daga baya ta fara tsayawa ta ga ya ci. Can kuma sai ga ta da 'yar kujera a baranda, tana ba shi labarin gwiwarta da na kanikawan ƙasa da ba su gajiya da buge-buge. Ba ya amsawa, sai dai hancin nan da ba ya hutawa, amma ai Auta ma ba kullum take saurare ba. Akwai ranakun da in ba don shi ba, da ba za ta ji muryar kanta ba daga safe har faɗuwar rana.

Ɗanta ɗaya ne, yana zaune da iyalinsa a can ɗaya gefen gari. Yana zuwa in ya samu sarari, sararin kuwa ba ya yawan samuwa. Wata rana ya zo ya same ta zaune a tsakiyar matakala da ledar cefane a gefe, tana jiran gwiwoyinta su yarda a ci gaba da hawa. Ya kai ta sama ya zaunar da ita.

"Mama, ya isa haka. Ƙarshen watan nan za ki dawo wurinmu. Ɗaki yana nan, kuma babu bene."

"Maigida fa?"

Ya yi dariya, sai ya ga ita ba dariya take yi ba. "Zomon? Mama, ke da kika ce ƙafarsa..."

"Na san abin da na ce."

Ya fita baranda ya kira matarsa. Matar nan ba muguwa ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Gidansu ba shi da baranda, kafet ne tun daga ƙofa har bango, ga yaro da ya fara rarrafe, duk abin da ya tsinta sai baki. Ta ce in za a iya koya wa zomon ya riƙa yin bahaya a wuri ɗaya kamar kyanwa, ita ba ta da ja. In kuwa ba zai koya ba, Mama ta yi haƙuri. Ɗan ya dawo ya faɗa mata, ya ƙara da cewa in abin ya ƙi akwai abokin aikinsa da ke kiwon zomaye, zai karɓa. Uwar Tsafta ta san inda zomayen masu kiwo ke ƙarewa, ba ta buƙatar a zana mata tukunyar.

Washegari ta lallaɓa shagon kayan dabbobi da ke ƙarshen layinsu, inda Auta ta saba sayen abincin zomon. Mai shagon wata mace ce mai jiki, da tabarau rataye a wuya. Ta ba ta baho na roba mara zurfi, da ledar garin katako, da damin busasshiyar ciyawa. Tana shirin yi mata bayani Uwar Tsafta ta ɗaga hannu. Ita da ta yi rayuwarta tana ɗauke tasar marasa lafiya, ba a kan kashin zomo za a buɗe mata makaranta ba.

Da ta dawo ta buɗe ƙofar baranda, ta buɗe kejin, ta koma ta zauna. Ya daɗe kafin ya fito. Ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa, sannan ya ɗora ƙafa a kan tayil ɗin falo yana santsi kamar mai koyon tafiya. Ta kalli ƙafar nan da ta rantse ba za ta taka mata falo ba, ta ce a ranta da Auta na nan da yau ba wanda zai sha ruwa don dariya.

Bahon ta ajiye shi a bakin ƙofar banɗaki, don a hankalinta nan ne wurin irin wannan abu. Maigida ya je ya shinshina shi, ya wuce. Ya zaga falon kaf, ya goga haɓarsa a ƙafar tebur da ƙafar kujera, sannan ya shige lungun da ke bayan keken ɗinkin Auta, ya juya baya, ya ɗaga 'yar jelarsa. Kafin ta miƙe aiki ya kammala.

Daga nan aka shiga yaƙi. Shi yana zuba ƙananan kashinsa masu kama da ƙwayar magani, ita tana biye da tsintsiya da tsumma da bokiti. Ta wanke lungun da bilic, ya koma. Ta toshe shi da kwali, ya ci kwalin ya shiga. Wani lokaci bisa kuskure yakan faɗa bahon ya ɗan yi wani abu a ciki, sai murna ta kama ta, ta yi wuf ta ɗauke, ta zubar da garin katakon, ta dirje robar da buroshi da sabulu da bilic, ta shanya, ta zuba sabo ta mayar yana ƙyalli. Shi kuma ya zo ya kai hanci, ya yi atishawa, ya buga ƙafar baya a ƙasa da ƙarfi, ya juya mata ƙeya. A ganinta taurin kai ne irin na mai shi, Auta.

Kwanaki suna tafiya, kwalayen kaya sun fara taruwa a bakin ƙofa. Wata safiya ta taka jiƙa da ƙafarta babu takalmi, zuciya ta ɗebe ta. Ta cafko shi ta ƙeya, ta kai shi bahon ta danna hancinsa a ciki tana faɗa, duk abin da ta tara a ciki tun rasuwar ya fito a kan zomo. Ya fizge, ya karce mata hannu, ya shige ƙarƙashin kabad. Bai fito ba. Ta ajiye karas a bakin wurin, bai taɓa ba. Ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ta goge abin da ta riga ta goge, gidan ya koma shirun nan na bayan makoki. Da la'asar ta durƙusa da gwiwoyin da ba sa son durƙuso, ta kwantar da kai a ƙasa tana leƙen duhun ƙarƙashin kabad.

"Ka yi haƙuri. Ni ce ban kyauta ba. In ka ƙi koya, ɗauke ka za su yi, ni kuma ba ni da kowa a ɗakin can sai kai."

Idanu biyu ne kawai ke ƙyalli a ciki. Tashinta daga wurin sai da ta dafa kujera.

Girman kai dai ba ya wanke zarni. Ta koma shagon, ta zayyana wa matar duk abin da ake ciki, har da cewa ita ba ta taɓa ganin dabba mai ƙin tsafta irin wannan ba. Mai shagon ta saurara, ta sa tabaranta, ta dubi hannuwan Uwar Tsafta da ke kan kantar shagon.

"Mama, yaushe-yaushe kike wanke bahon?"

"Da ya taɓa shi. Ko minti ba na bari."

"Da me?"

"Da abin da ake wanki da shi mana."

Matar ta danne dariyarta don ganin girma. "Ai ke ce kike ɓatar da shi, Mama. Zomo da hanci yake gane wurinsa. Duk sanda ya rubuta adireshinsa a bahon sai ki bi ki goge. In ya dawo, warin asibiti yake ji, ba nasa ba."

Ta ce mata abu na farko, ba ita za ta zaɓa masa wuri ba, shi ya riga ya zaɓa, ta kai bahon lungun da yake so. Ta dangwali fitsarinsa da takarda ta binne a ƙarƙashin garin katakon. Kashin da ya zubar a waje ta tsince ta zuba a ciki, kada ta kai shara. Ciyawar kuma a tara ta a gefe ɗaya na bahon, don shi yana ci yana yi ne, haka Allah ya halicce shi. Sauran wuraren da ya ɓata ta goge da ruwan khal mai tsami, ban da bilic. In bahon ya cika ta rage, amma kullum ta bar kaɗan daga na jiya.

"Ki bar masa warinsa, shi ke nan maganar. Kuma ranar tashi ki ɗauki bahon yadda yake, kada ki wanke. A sabon gida komai baƙo ne a wurinsa, wannan kaɗai zai gane."

Uwar Tsafta ta hau benenta a hankali tana juya maganar. Ba ta tsaya a falo ba, ɗakin Auta ta wuce, ta zauna a bakin gadon. Kwana biyu da rasuwar, da ta rasa inda za ta sa kanta, abin da hannunta ya iya shi ta yi. Ta kwashe zannuwan gado da rigunan matashi da ɗankwalaye da rigar sanyin da Auta ke yawo da ita a gida, ta jiƙa, ta wanke, ta goge, ta ninke. Ta wanke bango, ta wanke labule. Mutane har yabawa suka yi. Yanzu ta ɗauki matashin ta kai fuskarta, ta ja numfashi, ta sake ja. Babu man gashin Auta, babu turarenta mai arha da suke faɗa a kansa, babu komai sai sabulu. Da hannunta ta kore ƙanwarta daga ɗakin, ba wanda ya sa ta. Ta yi kukan da ba ta samu yi ba ranar da gida ke cike da mutane, ta yi shi sosai, babu mai cewa ta yi haƙuri.

Da ta fito ta janye keken ɗinkin kaɗan, ta tura bahon cikin lungun.

A duk aikin da ta yi a duniya babu wanda ya ba ta wuya kamar wannan na ƙin wankewa. Hali zanen dutse. Sai ta ga ta miƙe ta nufi lungun da buroshi a hannu ba ta san sanda ta ɗauka ba, ta tsaya, ta yi tsaki, ta mayar. Ta ɗauki robar bilic ɗin ta kai saman kabad inda sai ta taka kujera za ta iya saukewa, don ta san gwiwarta ba za ta yarda ba. Tana tsince kashin zomo da yatsu tana zubawa a baho kamar mai shuka. Zarnin ba wani mai yawa ba ne, baƙo ma ba lalle ya ji ba, amma ita hancinta ko a barci yana kai mata rahoto.

Maigida ya huce a hankali. Ya fito, ya yi kamar bai san ta ba, ya je lungunsa ya tarar da baho. Ya shinshina gefe, ya shinshina ciki, bai yi atishawa ba. Ya yi tsalle ya shiga, ya ja ciyawa ɗaya yana taunawa tana gajarta a bakinsa, ya gyara zama. Uwar Tsafta tana daga kujera ko motsi ba ta yi, kamar mai gudun tashin jariri.

Ba a rana ɗaya ya gama koya ba. Yau a samu 'yan ƙwayoyi a gindin tebur, gobe a samu biyu a bakin ƙofa, har aka wayi gari ta zaga falon da tsintsiya ba ta samu abin sharewa ba. Tun da ya samu falo ya zama wani zomo daban. Yakan ruga daga bango zuwa bango, ya daka tsalle ya murɗa jiki a sama ba gaira ba dalili, sannan ya zo ya zube a gefen ƙafarta ya miƙe kamar wanda ya yi noma. Yana goga haɓarsa a silifas ɗinta. Mai shago ta ce hakan yana nufin ya sa ta cikin kayansa.

Ta so ta faɗa wa wani. Ta kira ɗanta, ya ce yana cikin taro zai kira ta, bai samu kira ba sai washegari. Da ta faɗa masa ya ce, "Kai, madalla, Mama," da muryar wanda ke duba wani abu daban. Ta ajiye wayar ta dubi keken ɗinkin. Mutum ɗaya ce a duniya da za ta san girman wannan labari, ta tafa hannu ta tsokane ta har sati.

Ranar tashi ta tashi da wuri. Bahon ta sa shi cikin babbar leda yadda yake, da garin katakonsa da komai, ta ɗaure bakin tamau, ta ce wa masu ɗaukar kaya su kula da wannan fiye da talabijin. Motar kaya ta yi gaba, surukarta na can tana jiran karɓa. Ita ta tsaya ta share gidan da ba kowa, ta miƙa wa mai gidan makulli, sannan ta shiga motar ɗanta da Maigida a kwali a kan cinyarta. Ta rufe kwalin da hannu biyu, tana jin bugun zuciyarsa ta cikin takarda.

Ɗakin da aka ba ta mai kyau ne, ba ta da abin cewa. Sabon labule, gado mai laushi, taga mai kallon wurin ajiye motoci. Jikanta ya rarrafo ya kama zanenta, ta ɗaga shi tana ce masa angonta ya yi ƙiba. Sai idonta ya sauka a kusurwa. Wani baho ne fari fat, sabo dal, da zanen karas a gefensa, an zuba garin katako an baje shi sumul.

"Na ga tsohon ya yi zarni, Mama, ledar ma ta fara yoyo," in ji surukar tana murmushi. "Na sa an kai shi shara. Wannan tun makon jiya na saya na ɓoye, na ce kada ki shigo sabon ɗaki da tsohon abu, ke da ba kya son ƙazanta."

Uwar Tsafta ta dubi sabon bahon. Yarinyar ta yi ne don ta faranta mata, kuma da ita ce a wurin wata guda da ya wuce, abin da za ta yi ke nan, har ta ƙara da wanke hannu.

"Allah ya yi miki albarka. Ina kuke zuba sharar?"

Ta fita ta zaga bayan ginin, inda manyan durom na shara suke jere. Matar da ko ledar shara ba ta ɗauka sai da safar hannu, ta ɗaga murfi ta leƙa, ta shirya zura hannu har kafaɗa in ta kama. Babu komai a ciki. Motar shara ta zo da rana ta kwashe, an ma bi da ruwa an wanke durom ɗin tas, aiki mai kyau, irin wanda da can za ta yaba.

Ta ce ba komai, a sake daga farko, ai yanzu ta san hanya. Ta rufe shi a ɗakinta, ta dangwali fitsari da takarda, ta tara ciyawa. Amma zomon ya rikice. Ƙarar mota, kukan yaro, warin kafet da na fenti, babu abu ɗaya da ya sani. Yau ya zaɓi wannan kusurwa, gobe ya koma waccan, yana zuba ƙwayoyinsa ko'ina don ya shaida wa duniya yana nan. Tana bi tana tsincewa kafin kowa ya gani. Da safe ɗan da matarsa su fita aiki, a kai yaron gidan raino, ta wuni ita da Maigida a ɗaki a rufe, suna jin agogon falo. Da yamma in sun dawo ta fito ta zauna a gefen kujera kamar baƙuwar da ta zo gaisuwa, ba ta san inda ake ajiye cokali ba, kuma in ta tashi za ta wanke kwano sai a ce ta huta.

Ranar hutun ƙarshen mako surukar ta shigo mata da shayi, ta bar ƙofa a buɗe. Ba wanda ya lura da fitar zomon. Suna cikin hira Uwar Tsafta ta hango jikanta zaune a tsakiyar kafet ɗin falo ya yi shiru, shirun yaro mai aikin da bai kamata ba, bakinsa yana motsi. Ba ta san gwiwarta na iya gudu ba sai ranar. Ta zura yatsa ta zaƙulo abin, ƙwaya ɗaya ta riga ta jiƙe, ga wasu a damƙe a hannunsa.

Surukar ta ɗauki yaron ta kai shi famfo ta wanke masa baki, ta sake wankewa, yana ta tsala kuka. Daga baya Uwar Tsafta ta jiyo ta a kicin tana jan hanci a hankali don kada a ji. Da ta yi faɗa da ya fi sauƙi. Ɗan ya shigo ɗakin ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Mama, ba wanda ya ce komai fa."

"Na ji ba wanda ya ce."

Ta san abin da ke cikin ƙazanta fiye da su duka, ta ga yaran da aka kwantar a kan abin da bai kai wannan ba. Ba ta da bakin da za ta ce a ƙara mata lokaci. Abu ɗaya ta roƙa, kada a kira abokin aikin nan, ita za ta san inda za ta kai shi.

Da safiyar Litinin, bayan kowa ya fita, ta sa shi a kwali ta hau bas zuwa tsohuwar unguwarsu. Mai shagon ta ji labarin tana girgiza kai.

"Ai da kin ƙara haƙuri, Mama. Nan da 'yan makonni zai sake kamawa, tunda ya taɓa koya."

"Na sani. Gidan ne ba nawa ba, balle in ce a jira."

Matar ta ce za ta riƙe shi a nan bayan kantar shagon, ba za ta sayar ba, ba kuma za ta ba mai yanka ba, duk sanda Mama ta so ta zo ta gan shi. Su biyun sun san nisan hanyar da halin gwiwar. Uwar Tsafta ta buɗe kwalin da kanta, ta sauke shi a ƙasa. Ta shiga yi wa matar bayani, cewa ba ya son a ɗauke shi ta sama, kabeji ya fi so a kan karas, kuma don Allah kada a cika wanke masa baho, a riƙa bar masa kaɗan daga na jiya. Matar da ta koya mata wannan ta ce, "To, Mama, in sha Allahu." Maigida ya samu damin ciyawa a gindin kanta ya sa kai. Ta kira shi sau ɗaya, kunnen nan mai tsayuwa ya ɗan juyo, bakin bai daina tauna ba.

Ta fito da kwalin a hannu ba ta san ta riƙe shi ba. Ta bi layin, ta wuce garejin kanikawa suna ta buge-bugensu, ta shiga ƙofar benen ta kama ƙarfen matakala ta fara hawa. Ta wuce hawa na biyu tana laluben makulli a jaka kafin ta tuna ta mayar da shi. Ta tsaya. Sama ba nata ba ne, ƙasa kuma da nisa, ta juya ta zauna a kan matakalar ta ɗora kwalin a cinya.

Wata matashiya ta hauro da ledar cefane da makullai a hannu, fuskar da ba ta sani ba. Ta rage sauri, ta gaishe ta da ladabi.

"Sannu, Mama. Wa kike nema?"

Uwar Tsafta ta yi tunani da gaske kafin ta amsa.

"Ba kowa, 'yata. Hutawa nake yi."

Ta matsa jikin bango ta ba ta hanya. Tana nan zaune ta ji takun yana hawa har hawa na huɗu, ta ji makulli ya juya, aka buɗe ƙofar aka rufe.